Baƙuwar Cikin Baho

Ina tsugune a bakin rariya ina sauya wa kififfiya ruwa, Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, ta yi sallama. Da hantsi ne. Ta shigo da mayafinta na zuwa unguwa, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta tsaya tana gaishe ni kamar mun shekara ba mu haɗu ba.

"Wai maigidan ne jiri ya ɗan ɗebe shi a wurin aiki," in ji ta. "Amma da sauƙi."

A garinmu mutum ba ya mutuwa farat ɗaya a bakin mai kawo labari. Sai ya fara da jiri, ya wuce asibiti, jiki ya ɗan yi nauyi, a ce a taya shi da addu'a, sannan a ƙyale shi ya cika. Maman 'yan biyu ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ba ta tsallake ko guda ba. Ni kuwa tun daga mayafin na gane. Na bar ta ta gama, don ba kyau a katse wa mutum aikin da aka ɗora masa. Da ta kai ƙarshe na yi salati, na dubi hannuna, sai na ga har lokacin ina riƙe da 'yar dabbar, tana ta harbin iska da ƙafafunta. Na ajiye ta a bahon da babu ruwa, na shiga ɗaki.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi ta zo gidan.

Maigidana gyaran famfunan burtsatse yake yi. Wasu mazan in sun taso aiki da tsire suke dawowa gida, wasu da lemo. Nawa a farkon daminar waccan shekarar ya dawo da hularsa a hannu, ya buɗe mini ita kamar wanda ya tsinto zinariya. 'Yar kififfiya ce a ciki, wato kunkurun ruwa, girmanta bai wuce gindin kofin shayi ba. Ya ce a bayan unguwar Limawa ya gan ta tana ƙoƙarin tsallake titi, motocin tifa suna cike kududdufin da ta fito daga ciki, za a yanka filaye.

"Baƙuwa na kawo miki," ya ce.

Na ce baƙin da na sani da ƙafarsu suke zuwa, kuma suna da ranar tafiya.

Ya ɗauki bahon wankina mai kyau, ba tsohon ba, ya zuba ruwa, ya ajiye rabin bulo a tsakiya. Daga ranar muka raba aiki irin rabon da maza suka iya: shi ciyarwa, ni wanke ƙazanta. Bayan sallar asuba, ina kicin ina dama koko, nakan ji shi a tsakar gida yana ƙus-ƙus yana yi mata magana. Ban taɓa leƙawa ba, kuma ban taɓa tambayar abin da yake ba ta ba. 'Yarmu guda ce, tana gidan aurenta a Kano, gidan namu na unguwar Takur ya yi mana yawa, na ce bari mutum ya sami abin yi. Har kwami, wato ɗan wurin tara ruwa, ya fara gina mata da bulo a kusurwar gida, gindin zogale. Ya shafe gefe uku da siminti, ya ce ran Asabar zai ƙarasa. Bai kai Asabar ɗin ba.

Kwanakin zaman makoki ban san inda kaina yake ba, balle kififfiya. Gida ya cika da mata, kuma mata in sun cika gida baho suke nema. Wata mai tausayi ta kwashe baƙuwar ta sa a kwali, ta zuba mata gero a murfin kwalba, ta tura ƙarƙashin gadona. Rabin bulon ma bai tsira ba, ya tafi murhun dafa abincin sadaka. Sai da mutane suka fara raguwa na ji ana ƙartar kwali a ƙarƙashina. Na jawo. Ta bushe, ta yi fari-fari, geron yana nan ko ƙwaya ba ta taɓa ba. Ita kififfiya ba ta janye kai ciki kamar kunkurun tudu, lanƙwasa wuya take yi gefe guda ta kwantar, irin na wanda aka ɓata wa rai yake jiran a ba shi haƙuri. Haka na same ta.

Na karɓo bahona, na mayar da ita ruwa. Nan ne Yaya ta fara magana.

Yaya ita ce yayar maigidana. Daga ƙauye ta zo da jakarta don ta taya ni zaman takaba, kuma ta zo da dokokin takaba cike da jakar, waɗanda malamai suka sani da waɗanda ita kaɗai aka saukar wa. Kada in ɗaga murya. Kada in yi sauri in ina tafiya. Kada in daɗe a tsakar gida. Na bi duk wanda zan iya, don mace ce da ta goyi mijina a bayanta, kuma nakan ji ta tana kuka a banɗaki tana sakin ruwa don kada in ji.

"Amarya," ta ce. Haka danginsu suke kirana har yau, ga furfura a kaina. "Wannan abin fa? Ni tun da nake ban taɓa ganin an ajiye abin ruwa a ɗakin mutane an wanye lafiya ba."

"Baƙuwarsa ce, Yaya."

"To mai masaukin ya tafi. Ita me take jira?"

Na ci gaba da zuba wa baho ruwa, don mai takaba ba ta ɗaga murya.

Matsalar ita ce baƙuwa ta ƙi cin abinci. Allah Ya sa muna cikin lokacin 'yan gaisuwa, ba mu rasa masana ba. Duk wadda ta shigo sai ta yi mini gaisuwa, ta share hawaye, ta leƙa baho, ta ba da magani. Wata ta ce dusa. Wata ta ce tsaki, ai duk ƙaramin abu tsaki yake ci. Wata ta ce a yanka mata zogale. Matar wani abokin aikinsa, wadda ta yi boko sosai, ta ce a ba ta kabeji da karas, ta gani a waya. Wata tsohuwa ta ce mu daina wahalar da kanmu, irin waɗannan iska suke sha. Akwai wadda ta matso kusa da kunnena ta tambaye ni ko ta tsarin gida ce, kuma ko tana aiki. Mai ita yana kwance a maƙabarta, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, ake tambayata ko tana aiki. Na ce mata ta duba da kanta.

Duk abin da aka faɗa mun gwada. Yadda muke yi shi ne, in ciro ta daga ruwa, in goge ta, in ajiye ta a kan tabarma, in sa mata abincin a ɗan faranti a gabanta, kamar yadda ake yi wa baƙo. Sau ɗaya na so in zuba mata a cikin bahon, Yaya ta riƙe hannuna.

"A ruwan da take wanka take bayan gida? Ke kina cin abinci a banɗaki? Dabba ce, amma ai ba mahaukaciya ba ce."

Maganar ta yi kama da hankali, na bari. Baƙuwa takan dubi farantin, ta dube mu, ta lanƙwasa wuya. Idanunta suka kumbura. Ƙoƙon bayanta, in na danna da yatsa, sai ya lotsa kamar ɓawon ƙwan da bai ƙosa ba. Ni ma a lokacin kullum akwai mai ajiye mini faranti a gaba tana cewa in daure in ci ko loma ɗaya ce, don haka ban ga laifinta sosai ba.

Ana haka Malam ya zo. Shi ne babban wansu, yana da makarantar allo a ƙauye, mutum ne da ba ya magana biyu. Ya zauna a kan buzu a ƙofar ɗaki, ni ina daga ciki bayan labule. Bai gama addu'a ba Yaya ta shigar da ƙara.

"Malam, ka yi mata magana. Tana zaune da halittar Allah tana kashe ta da yunwa. Ga wari."

Ya sa aka kawo bahon. Ya daɗe yana kallo.

"Amarya, me take ci?"

"Allah Ya gafarta Malam, shi yake ba ta. Ban sani ba."

"To. Dabbar da mutum ya tsare, ɗayan biyu ne: ko ya ciyar da ita, ko ya sake ta ta nemi abincinta. In ta mutu a hannunki da yunwa, alhakinta yana kanki, kuma ba na so ki haɗa da wannan."

Na ce kududdufin nata an cike shi, yanzu ma na ji an fara aza harsashin shaguna.

"Ga rijiyar gidanmu na ƙauye," in ji Yaya. "Dama haka ake yi tun kakanni. A zura ta, ta cinye tsutsotsin ruwa, mu sami ruwa mai kyau, ita ta sami abinci. Kowa ya huta."

Malam ya ce zai dawo ranar sadakar arba'in. In ya tarar tana ci, shi ke nan. In ba ta ci, zai tafi da ita.

Na san rijiyar. Lokacin da aka kai ni gidansu ina amarya ta gaske, na taɓa leƙa ta da tsakar rana, na hango wani abu baƙi can ƙasa yana zagaye, yana kai hannu jikin bango yana zamewa. Aka ce mini kififfiyar rijiya ce, ta daɗe a ciki. Rana ba ta sauka wurin sai in ta take tsaka, ta ɗan jima ta wuce. Kowa a gidan yana yabon ruwan. Ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda ita take gani ba.

Ba zan ce ina son dabbar ba. Ba ta san ni ba, ba ta murna in ta gan ni, in ta tsorata kuma wani wari take saki da sabulu ba ya fitarwa da wuri. Amma kayan maigidana duk an kwashe an raba, rigunansa suna jikin mutane a masallaci, kayan aikinsa sun tafi. Ita kaɗai ce abin da ya bari da ba wanda ya nema.

Abin da ya cece ta moɗa ce. Wata ranar Yaya ta tafi barka Limawa, ta bar mini dokoki a baki. Na je ɗiban ruwa a randa, moɗar ta suɓuce ta faɗa bayanta. Randarmu a kan duwatsu take a inuwar katanga, tana tsatsafo, ƙasar wurin ba ta bushewa. Na zura hannu, maimakon moɗa na taɓo ƙarfe a tsaye. Cokalin shayina ne, a soke cikin ƙasa, ya yi tsatsa a wuya. Cokalin nan na neme shi har na gaji. Na zazzage kwando, na zargi 'yan biyun maƙwabta a zuciyata. Maigidan da kansa ya taya ni nema, har da ɗaga katifa, fuskarsa ba alamar komai.

Na zauna a wurin na ɗan jima. Abin da na yi a zaunen ba na rubutawa ba ne.

Da na natsu na lura ƙasar duk ramuka ce ƙanana, daidai bakin cokali. Na soka, na juya. Tsutsar ƙasa ce ta fito, irin jar nan da muke kira tana, wadda masu kamun kifi suke sa wa ƙugiya. Ashe wannan ne ƙus-ƙus ɗin asuba.

Na yi yadda muka saba: tabarma, faranti, baƙuwa a gaba. Da tsutsar ta motsa, sai wuyan nan da ya yi makonni a lanƙwashe ya miƙe. Ta cafke. Amma ba ta haɗiye ba. Ta tsaya da ita a baki tana ɗaga kai, kamar mai neman wani abu, sannan ta sauka daga tabarmar, ta ja jiki da ƙyar ta nufi rariya inda ruwan wanke-wanke ya kwanta. Ta tsoma kai ciki. Nan take tsutsar ta wuce.

Sai a ruwa take iya haɗiya. Gidan nan mata nawa suka shigo, kowace da iliminta, muka taru muna koya wa dabbar ruwa ladabin cin abinci a kan tabarma.

A ranar na je bayan kicin na nemo rabin bulon, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na wanke, na mayar tsakiyar baho, na jawo bahon inda rana take faɗowa da safe, wurin da maigidan yake ajiye shi, wanda ni na ɗauka don ya tare mini hanya yake yi. Baƙuwa ta hau bulon, ta miƙe ƙafafun baya, ta lumshe ido kamar babban ma'aikaci ranar hutu.

Yaya ta kama ni washegari, ina tsugune a bayan randa da cokali.

"Innalillahi! Mai takaba da tonon tana! Amarya, in wani ya shigo me zan ce?"

"Ki ce ina ciyar da baƙo, Yaya."

"Ci take yi?"

"Tana ci."

"Mu gani."

Ba ta gani ba. Baƙuwa tana jin muryar Yaya take nutsewa ƙarƙashin bulo, kuma Yaya ba ta iya tsayuwa shiru. Kullum haka. Har ta fara gaya wa Maman 'yan biyu ta kan katanga cewa baƙin ciki ya fara taɓa ni, ina ganin abin da babu.

Ranar arba'in aka yi abin da ake yi, aka raba waina, aka yi addu'a, maza suka watse. Malam ya shigo tsakar gida da ɗan bokiti mai murfi a hannunsa. Ban taɓa ganinsa ɗauke da wani abu da ya wuce carbi da buzu ba. Da na ga bokitin na san ba mantawa ya yi ba.

Na riga na tono tsutsa tun da safe, na hana baƙuwa karin kumallo. Na saka guda a ruwa. Ta nutse ƙarƙashin bulo.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Haka take yi. Ita ce mai ci a ɓoye, sai ka ce mai satar azumi. Ni dai tun da na zo gidan nan ban ga ta buɗe baki ba."

"Allah Ya gafarta Malam," na ce, "ba ta ci in ana magana."

Malam ya dubi Yaya. "Kin ji."

"Ni ce mai maganar?"

"Ke."

Ta ja bakinta ta rufe, da ƙyar, kamar buhun da aka cika.

"Kuma, Allah Ya gafarta Malam, inuwarka ta rufe ruwan."

Ban taɓa gaya wa mutumin nan ya matsa ba tun da aka kawo ni gidansu. Ya dube ni. Ya tattara babbar rigarsa, ya koma gefe, ya tsuguna. Mutumin da gari guda yake jira ya fito, ga shi yana jiran abin da bai kai tafin hannunsa ba.

Muka yi shiru mu uku. Tun ranar da Maman 'yan biyu ta shigo da mayafinta gidan bai yi shiru haka ba. Ana jin wucewar keke a titi, da wani yana kiran mai ruwa. Tsutsar tana ta murɗawa a ƙasan baho. Na fara tunanin abin da zan ce in ya buɗe murfin bokitin, na ga ba ni da shi.

Sai hanci ya leƙo. Sai wuya. Ta dubi sama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga waɗanda suka zo, sannan ta juya ta cafke, ta sa ƙafar gaba ta yaga, ta haɗiye.

"Ƙara mata," Malam ya ce a hankali.

Na ƙara. Ta cinye.

Ya miƙa hannu na ba shi cokalin, ya jujjuya shi. Bai dube mu ba ya ce, "Ta rijiyar gida ma marigayi ne ya kawo ta. Yana ƙarami, a cikin hula. Baba ya ce a zura ta, ni na sa ta a guga. Kullum rana ta take tsaka sai a neme shi a rasa, yana can kwance a bakin rijiya yana leƙe." Ya miƙo mini cokalin. "Bai taɓa gaya miki ba?"

Na ce bai taɓa ba.

Yaya ta tashi ta shiga banɗaki, muka ji ta saki ruwa.

Malam ya miƙe, ya ɗauki bokitinsa yadda ya kawo shi. Ya tsaya a gaban kwamin da ke gindin zogale, ruwan sama ya taru a ciki ya zurare ta gefen da ba a shafe ba. Ya ce a bar ta a nan, amma in sani bahon ba zai riƙe ta har abada ba, girma za ta yi. Zai turo magini ya ƙarasa. Na ce a bari sai na fita takaba. Ya ce to.

Na fita takaba bayan an gama girbi. Yaya ta koma ƙauye da jakarta. A ƙofar gida ta ce in kula da kaina, ta yi gaba, ta waiwayo ta ce, "Ita ma waccan marar kunyar." 'Yata ta so in koma Kano wurinta, na tambaye ta ko gidan nasu yana da randa mai tsatsafo, ta ce Mama ke dai. Da rani ya yi tana ta yi wuya, na koyi tara gara da ƙananan fara, mai kifi a kasuwa kuma ya san ni, yana ajiye mini abin da ba mai saye. Masana sun daina zuwa. Wadda ta tambaya ko tana aiki takan gaishe ni daga nesa.

Yanzu baƙuwa ta kusa cika tafin hannuna. In ta hau bulo ta miƙe, ƙafarta tana taɓa bakin baho, kuma ta taɓa faɗowa na tsince ta a bakin rariya. Malam duk zuwan da zai yi sai ya tambayi maganar magini, ni kuma in ce sai an kwana biyu. A gefe na uku na kwamin, can sama, akwai wurin da maigidana ya dafa simintin tun yana ɗanye, yatsunsa suka fito. Magini zai ce a bi ta kai a daidaita, na sani, aikinsa ke nan. Ragowar simintin ya daskare a buhunsa ya zama dutse.

Gefe uku na kwamin a shafe suke. Na huɗun har yau ba a shafe shi ba.